Jitarka na fita daga ki a situdiyo? Ga inda matsalar take da yadda za ka gyara

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo ranar ɗaukar jita ya san wannan abin. Makaɗi ya saita jitarsa tsaf, tiyuna, na'urar da ke auna ko tsirkiya ta saitu, ta nuna kore a tsirkiya shida gaba ɗaya, an danna rikod ya kaɗa abinsa lafiya lau, sai an dawo da shi a sifika ana saurare sannan kowa ya fara ɗaure fuska, kod ɗin farko, wato sautukan da aka buga tare, ya zauna, na biyu kamar ya ɗan karkace, in ya hau can saman wuya kuma abin ya ƙara dagulewa. Daga nan sai a shiga zargin makirfo, a zargi kebul, furodusa ya fara jibga ifek, wato kayan ƙawata sauti, yana neman ya rufe abin, alhali matsalar tana jikin itacen nan da ke hannun makaɗi. Koren tiyuna ba shaida ba ce cewa jita ta zauna. Abin da tiyuna ta gaya maka kawai shi ne tsirkiya a sake, ba a danna ta ba, tana kan lambarta a wannan daƙiƙar. Waƙa kuwa ba da sakakkiyar tsirkiya kaɗai ake yin ta ba, yatsa zai danna, hannu zai buga da ƙarfi, ɗaki zai yi sanyi ya koma ya yi zafi.

A wajen biki ko a kan dandali ba kowa ke jin wannan ba saboda ganguna da hayaniyar jama'a sun rufe. Situdiyo ba ta rufa asiri. Musamman irin aikin da aka fi yi a Kano da Kaduna da Jos, inda kiɗan gaba ɗaya daga kibod ko daga manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase ya fito, kowane sauti yana zaune daram a kan ma'aunin A 440 Hz, wato sautin A mai girgiza sau 440 a daƙiƙa, ba ya motsi, muryar mawaƙi ma an sa mata manhajar gyara murya ta Auto-Tune ta kulle ta a kan ki, wato ma'aunin sautin waƙar, toh jita ce kaɗai abin da ke iya gocewa a cikin waƙar, shi ya sa ko ɗan kaɗan ta goce sai kunne ya kama. Ana auna gocewar da sent, firet kuma su ne ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, tsakanin firet ɗaya da na kusa da shi sent 100 ne. A wajen 440 Hz, bambancin sent 4 kacal ya kai kusan Hz ɗaya, wato sautuka biyun za su riƙa wani kaɗawa wawww wawww sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Wannan kaɗawar ita ce abin da ke damun ka in kana saurare ka kasa gane mene ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan aikin a gida ake yin sa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar rikodin, kuma akwai tsarin da ake bi, in ka tsallake gaba ka dawo baya sai ka sake komai daga farko, saboda kowane gyara yana taɓa na bayansa.

Ka fara da tsirkiya. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da ƙura, ta yi tsatsa, ta lotsa a inda take haɗuwa da firet, ba za ta taɓa zama daidai ba ko wane irin saiti ka yi mata, don nauyinta bai zama ɗaya ba daga farko zuwa ƙarshe. Za ka ga allurar tiyuna tana rawa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, wannan alama ce babba. Ka canza su duka shida, kar ka canza wadda ta tsinke kaɗai ka bar sauran. Amma don Allah kar ka canza da safen ranar aikin, sabuwar tsirkiya tana miƙewa, za ta yi ta sauka kana ɗaurewa tana sauka. In ka ɗaura, ka sa yatsa a ƙarƙashin kowace ɗaya ka ɗan ja ta sama a hankali daga wajen birij, inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, har zuwa wajen kan jitar, ka duba tiyuna za ka ga ta sauka, ka sake ɗaurewa ka sake ja, haka za ka yi ta yi har sai ka ja ta ƙi sauka. A jikin ƙarfen murɗawa kuma zagaye biyu zuwa uku ya isa ga masu kauri, siraran su ɗan fi haka, kowane zagaye ya kwanta a ƙarƙashin na samansa kar su hau kan juna, tarin zagaye barkatai shi ne ke ɓoye sako-sako sai ana tsakiyar waƙa ya saki. Sannan ka lura da inda kake saye, akwai jabun tsirkiya a kasuwa cikin kwali mai kama da na asali, kuma sau da yawa jabu ba ta saituwa.

Kaurin tsirkiyar ma abin dubawa ne. Saitin 9 zuwa 42, wato lambar kaurin mafi siranta da ta mafi kauri, yana da laushi da daɗin lanƙwasawa, amma in hannunka na da nauyi kana danna shi zai hau. Saitin 10 zuwa 46 ya fi zama, kuma in za ka sauke jitar gaba ɗaya da rabin mataki, wato firet ɗaya, ko ka sauke babbar E, tsirkiya mafi kauri, zuwa D, gara ma ka hau saitin 11. Tsawon tsirkiya daga wajen kan jitar zuwa birij ma na da hannu a ciki, irin na jitar Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, shi ya sa tsirkiya iri ɗaya ta fi sako-sako a kan Gibson. Abu ɗaya dai, duk kaurin da ka zaɓa shi za ka yi saitin da shi, in ka canza kauri daga baya toh saitin ya tashi.

Daga nan sai nat, ɗan farin abin nan mai tsagi shida da ke ƙarshen wuya wajen kan jitar. Wallahi rabin kukan da ake yi cewa jita ba ta riƙe tiyunin a nan yake, amma sai mutum ya je ya kashe kuɗi ya canza ƙarafan murɗawa abin bai gyaru ba. In kana murɗawa ka ji wani ɗan ƙara "ting" sannan sautin ya yi tsalle, tsirkiya ce ke maƙalewa a cikin tsagin. Ka gwada wannan, saita tsirkiyar G ɗinka, ka lanƙwasa ta sau ɗaya ka duba tiyuna, sai ka danna ta a bayan nat wajen kan jitar ka sake dubawa, in ta sauka a na farko ta hau a na biyu ta kuma ƙi komawa, maƙalewa ce. Maganin gaggawa fensir ne, ka ɗaga tsirkiyar ka goga bakin fensir a cikin tsagin har ya yi baƙi, ka mayar. In tsagin ya yi wa tsirkiyar ƙunci sosai sai an buɗe shi da ɗan zarto na musamman, wannan ka kai wa mai gyara.

Akwai kuma tsayin nat ɗin, wanda shi ne ke sa kod ɗin farkon wuya irin su D da A da E su riƙa yin tsami a jitoci masu araha. Danna tsirkiya a firet na 3, ka leƙa tsakaninta da firet na 1. Ya kamata ka ga 'yar tazara siririya wadda takarda za ta shiga da ƙyar. In tazarar na da yawa, duk sanda ka danna firet na 1 ko na 2 kana ƙara wa tsirkiyar ɗauri ne kafin ta kai ƙasa, dole ta hau, kuma babu abin da za ka taɓa a birij da zai gyara wannan.

Sai wuyan kansa. A cikinsa akwai dogon ƙarfe da ake ɗaurewa da alanki, shi ke riƙe itacen kar jan tsirkiya ya lanƙwasa shi. Ka sa kafo, abin nan da ke matse tsirkiyoyi duka, a firet na 1, ka danna babbar E a firet na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da firet na 7 ko na 8. Abin da ake nema kusan milimita 0.25 ne. In ba ka da ma'auni ga dabara, guntun siririyar E ta saitin 10 kaurinta ke nan daidai, inci 0.010, sai ka zura ta a wurin, in ta shige tana ɗan gogar sama da ƙasa shike nan. Tazara ta yi yawa, ka ɗaure ƙarfen ta hannun agogo. Babu tazara sam tsirkiya na kwance a kan firet, ka sassauta. Kwatan zagaye ɗaya ko ma rabin kwata kawai za ka yi, ka sake saita tsirkiyoyin, ka bar itacen ya huta kafin ka sake aunawa. In ka ji ƙarfen ya yi tauri ya ƙi juyawa ka tsaya nan, kar ka sa ƙarfi, karyewarsa asara ce babba.

Wannan wuri ne da yanayinmu ke shigowa da gaske. Masu ƙera jitar katako, wadda ba ta lantarki ba, suna son danshin iska ya zauna tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a hunturu iska na bushewa ƙarƙaf, da damina kuma ta jiƙe. Da hunturu itace na tsukewa, fuskar jitar katako ta ɗan lotsa, tsirkiya ta sauko ta fara zizar firet, har ka ji bakin firet ɗin na ƙarce maka hannu a gefen wuya, wani lokaci itacen ya tsage. Da damina ta kumbura tsirkiya ta yi sama, danna ta ya zama aiki, kuma ta riƙa hawa. Ma'ana saitin da ka yi a watan Agusta ba zai kai ka Janairu ba, ka sake dubawa duk sanda yanayi ya juya. Da hunturu ka samu robar sabulu ka huda mata ramuka, ka jiƙa soso ka matse shi sosai ka sa a ciki ka ajiye a cikin akwatin jitar a rufe, kar dai ruwa ya taɓa itacen.

Bayan wuya ya zauna sai tsayin tsirkiya daga birij. A jitar lantarki, a firet na 12, kusan milimita 1.6 a siririyar E da kusan 2 a babbar E wuri ne mai kyau na farawa, ta katako ta ɗan fi haka. Ni a situdiyo na fi son a ɗan ɗaga kaɗan fiye da yadda mutum ya saba a biki, saboda zizar firet da ba ka ji a gida makirfo zai ɗauke ta tas, amma in ta yi sama da yawa kuma mun koma matsalar hawa.

Yanzu ne aka zo kan abin da ya fi komai, wato daidaita tsawon kowace tsirkiya ta yadda za ta zama daidai a ƙasa da saman wuya. Ka saita tsirkiyar a sake. Ka taɓa ta da yatsa a saman firet na 12 ba tare da dannawa ba ka buga, za ta ba ka siririn sautin nan mai kama da ƙararrawa, ka duba tiyuna. Sai ka danna ta sosai a firet na 12 ɗin ka buga, ka sake dubawa. Su biyun ya kamata su zo ɗaya. In wadda ka danna ta fi hawa, tsirkiyar ta yi gajarta, ka ja ɗan ƙarfen birij da take hawa a kai baya, nesa da wuya. In ta sauka, ka turo shi gaba wajen wuya. Duk juyin sukundireba ɗaya sai ka sake saita tsirkiyar a sake kafin ka gwada, in ba haka ba ƙarya za ka karanta. Abubuwa biyu mutane ke mantawa a nan kuma su ke ɓata aikin. Na farko ka riƙe jitar a cinyarka yadda za ka kaɗa ta, kar ka kwantar da ita a tebur, nauyin wuya kaɗai yana canza karatun. Na biyu ka danna da irin ƙarfin da kake dannawa in kana cikin waƙa, ba wani lallausan dannawa na gwaji ba. Kuma kar ka tsaya a 12 kaɗai, ka duba firet na 5 da na 7 da na 17, in waƙar da za a ɗauka a tsakanin na 5 da na 9 take rayuwa toh nan ne ya fi cancanta ya zauna. Masu kaɗa salon Agadas ma abin ya fi shafar su, tunda babban yatsa na riƙe da sakakkiyar tsirkiya tana gunji a ƙasa, sauran yatsu na yawo a saman wuya, duk 'yar gocewa za ta yi karo da wannan gunjin kai tsaye.

Ita jitar katako ba ta da sukurori a birij, ɗan ƙashi ne guda ɗaya, gyaransa sai da goga da zarto, ka kai wa wanda ya iya. In dai za ka rage tsayinsa da kanka ka sani duk abin da kake so tsirkiya ta sauka a firet na 12, ninkinsa biyu ake cirewa daga ƙasan ƙashin.

Na ƙarshe a gida shi ne tsayin pikof, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jitar lantarki. Maganaɗisu ne a ciki, in ya matso kusa da tsirkiya da yawa yana jan ta, sai ka ji babbar E da A suna wani rawar murya a saman wuya kamar sauti biyu na faɗa, tiyuna ta rikice, ka yi ta juya sukurun birij a banza. An fi ganin haka a irin jitar Stratocaster ta Fender. Danna firet na ƙarshe ka auna, a ɓangaren masu kauri ka bar kamar milimita 2 zuwa 2.5. In jitarka mai hannun girgiza ce wadda birij ɗinta ke lilo a kan sifirin, irin Floyd Rose, ka san saita ta kamar ɗaurin wayoyin ƙafar keke ne, ka ɗaure ɗaya na gefe ya saki, sai ka zagaya sau uku sau huɗu. In waƙar ba ta buƙatar hannun, ka buɗe bayan jitar ka cusa guntun katako ka kulle birij ɗin ka huta.

Toh an zo situdiyo. Kar ka fito da jita daga bayan mota ko daga kan babur cikin rana ka shiga ɗaki mai esi ka ce a danna rikod. Ƙarfe na tsukewa in ya ji sanyi, tsirkiya za ta hau, ka saita, ka rungume ta zafin jikinka da na hannunka ya ɗumama ta ta sauka. Ka buɗe akwatin ka bar ta ta zauna a ɗakin kamar rabin awa, sannan ka kaɗa ta na 'yan mintuna kafin ka yi saitin gaske. Kar ka zauna inda iskar esi ke bugowa kai tsaye. Kuma kun san yadda ake yi, ana kashe esi da fanka lokacin ɗauka saboda ƙara, ɗaki ya yi zafi, a kunna in an tsaya, ko wuta ta ɗauke a jira janareta, duk wannan hawa da saukar jita na jin sa. Shi ya sa dokar ita ce a duba tiyunin kafin kowane tek, wato kowace ɗauka, kowanne, ko da na baya daƙiƙa talatin ne. Furodusa, kai ma ka riƙa tunatarwa, kar ka ji nauyin makaɗi, ba raini ba ne.

Tiyuna ɗaya kowa zai yi amfani da ita, mai jita da mai bes da wanda zai zo gobe ya ƙara wani layi. Ka duba lambar da ke jikinta 440 ce, don maɓallin canza ta na da saurin dannuwa a cikin jaka, in ta koma 442 ka tashi da kusan sent 8 a kan kowa, in wani ya mayar da ita 432 ka sauka da kusan sent 32. Ka duba kibod ɗin ma, Yamaha PSR da Korg duk suna da wurin canza tiyunin na gaba ɗaya ban da maɓallin canza ki wato tiransifos, wani ya taɓa ya manta. Tiyuna ta maƙalawa a kai da ta waya suna da amfani a gida, amma a nan gara ta ƙafa ko ta cikin kwamfuta. Boss TU-3 tana kai wa sent ɗaya, ta Peterson mai juyawa tana kai wa kashi ɗaya cikin goma na sent, in akwai irin ta biyun da ita za a yi aikin birij. Ka koma pikof na wajen wuya ka rage maɓallin ton mai sarrafa hasken sauti, tiyuna ta fi karanta shi da kyau. Mai bes kuma, babbar E ɗinsa 41 Hz ce da ɗoriya, tiyuna da yawa na wahala da ita, ya yi amfani da sautin ƙararrawa na firet 12.

Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sauti. In ka wuce, ka sauko ƙasa da shi sosai ka sake hawowa, in ka tsaya a kan saukowa akwai sako-sako da ya rage a bayan nat zai fito daga baya.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Duk sanda ka bugi tsirkiya, a farkon bugun tana hawa sannan ta sauko ta zauna, kuma iya ƙarfin bugu iya hawan, an fi gani a babbar E. Toh wanne za ka saita, farkon ko ƙarshen? Waƙar ce za ta gaya maka. In kiɗan mai sauri ne kana ta bugu ba ka barin sauti ya daɗe, kunne farkon bugun kaɗai yake ji, don haka ka riƙa bugun tsirkiyar a jere da ƙarfin waƙar kana kallon tiyuna, ka saita wannan, wanda zai sa in ka bar ta ta yi tsawo ka ga ta ɗan sauka kaɗan, ba komai. In kuma kod ne da za a bari ya yi ta amo, sai ka saita inda take zama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa tsirkiya a hankali da babban yatsa wajen saiti, sannan a ɗauki fik, 'yar robar bugun tsirkiya, a rufe ta da duka.

Ko da komai ya yi daidai, akwai abin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya, kuma sanin sa zai hana ka haukata kanka. An raba firet ne a kan tsarin da ya kasa okteb, wato tazarar sakakkiyar tsirkiya zuwa firet na 12, gida 12 daidai wa daida, a wannan tsarin sauti na uku na manjo kod ya fi wanda kunne ke so hawa da kusan sent 14. Shi ya sa a kod ɗin E na farkon wuya, tsirkiyar G da ka danna a firet na 1 kullum kamar ta yi sama, in ka sauke ta da kunne E ya yi daɗi sai ka koma kod ɗin C ko G ka ji ta lalace. Ba jitarka ce ta lalace ba, haka kowace take. A situdiyo kana da damar da ba ka da ita a biki, ka saita don sashen da za a ɗauka. Ka kama kod ɗin da ya fi yawa a baitin, ka duba kowace tsirkiya a danne, ka gyara, a ɗauki baitin. In amshi na da wani kod da ya ƙi zama, a tsaya a sake saiti dominsa a ɗauke shi daban a haɗa. Manyan situdiyo haka suke yi, ba abin kunya ba ne. Wani lokacin ma mafita ita ce ka cire sauti na ukun daga kod ɗin gaba ɗaya ka bar wa kibod, musamman in akwai distoshan, ifek ɗin nan mai sa sauti ya yi kaushi, don shi ke ƙara fito da faɗan. Kuma ka daina saita jita ta hanyar haɗa ƙararrawar firet na 5 da na 7, ta firet 7 tana da bambancin kusan sent 2 da tsarin firet, kana tafiya daga tsirkiya zuwa tsirkiya kuskuren na taruwa.

Kafo kuma a bayan firet daf za ka sa shi, a miƙe, da iya matsin da zai hana ziza kawai, ka sake duba tiyuna bayan ka sa. Haka in za ka ninka layi, ɗaya hagu ɗaya dama, ka ɗauki na biyun nan take bayan na farko da jita a yanayi ɗaya, kar ka bari sai gobe.

In kuma za a haɗa jita da gurmi ko goge ko garaya, sai a zauna a yanke shawara tun farko wa zai bi wani. Waɗannan kayan fata ce a fuskarsu, zafi da danshi na motsa su fiye da jita, kuma makaɗinsu da muryarsa yake saita su ba da 440 ba, wasu sautukan nasa ma suna faɗawa ne a tsakanin firet biyu. Ni ra'ayina, in shi ne jigon waƙar, a ɗauke shi tukuna a inda ya ji daɗi, sannan a nemo lambar da ta dace da shi a tiyuna a mayar da jita da kibod can, a rubuta lambar a ajiye. Tilasta wa mai goge ya bi kibod sau da yawa kashe masa daɗin kiɗa yake yi. Mai jita kuma ya rage cika kod, ya tsaya a kan sauti ɗaya ko biyu da ba za su yi karo da shi ba.

Wani lokaci kuma jitar ba ta da laifi ko kaɗan. In an ɗauka lafiya, an tura fayil wata situdiyo sai aka ji duk layin ya sauka ko ya hau da kusan firet ɗaya da rabi kuma saurinsa ya canza, lambar sampul ce, wato saurin da kwamfuta ke naɗar sauti da shi, ta saɓa, an ɗauka a 48 kHz ana kunnawa a 44.1 ko akasin haka, bambancinsu kusan sent 147 ne. A gyara a saitin furojet, kar a taɓa jita. Hedfon mai ƙara da yawa ma na ruɗar kunne, ka ji kamar ka goce alhali kana daidai, ka rage shi ko ka zame kunne ɗaya. Gurnanin wuta na 50 Hz da pikof mai koyil ɗaya ke jawowa shi ma yana sa allurar tiyuna rawa, ka juya kujerarka a hankali har ka sami kusurwar da ya ragu, ka nisanci caja da sitabilaiza, ko ka koma matsayi na 2 ko na 4 a makunnin Stratocaster inda a yawancinsu gurnanin ke mutuwa.

Kar kuma ka yarda da maganar "za mu gyara a kwamfuta". Auto-Tune, tun fitowarsa a 1997, sauti ɗaya-ɗaya yake bi, in ka ba shi kod rikicewa zai yi. Manhajar Melodyne na iya shiga cikin kod ya taɓa sauti ɗaya tun wajen 2009, kuma yana ceto in jitar tsaftatacciya ce kuma wuri ɗaya ne ya goce, amma in akwai distoshan ko an riga an naɗa da ifek na amo irin ribab da dile a jiki, abin da zai fito ba zai yi daɗi ba, ga cin lokaci, awa guda ana jan sauti da mawus a kan abin da sake tek na minti uku zai magance. In kana so ka bar wa kanka ƙofa, ka raba siginal ka ɗauki layi ɗaya tsura ta DI, wato kai tsaye daga jita ba ta bi ta amfilifaya ba, ba ifek ko ɗaya, tare da na amfilifaya, shi ne kaɗai ke gyaruwa da kyau in ta kama dole.

Cikin jakarka ranar aiki a samu saitin tsirkiya biyu irin wanda ka yi saiti da shi, alankin wuya da na birij, ƙaramar sukundireba, filaya ta yanke waya, fensir, batirin tiyuna da tsumma mai tsabta na goge gumi bayan kowane tek. In tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar waƙa, ka canza ta ka ja ta har ta daina sauka, sannan ku saurari tek na baya ku gwada da sabon, in sabuwar ta fi sauran ƙara da haske sosai gara a sake ɗaukar sashen daga farkonsa.